Rabon Taimakon Matalauta a Ƙasar Ingila

Tun da aka fara mulki a duniya ba a taɓa samun ƙasar da ta rasa gajiyayyu ba. Akwai tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da makaho, da gurgu, da maraya, da matar da mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya ƙanana. Kowace hukuma ta gari ta san waɗannan suna da hakki cikin dukiyar jama'a. Amma da zarar an buɗe baitulmali dominsu, sai tambayoyi biyu su taso. Ta fari, yaya za a rarrabe mabukaci na gaskiya da mai ƙaryar bukata? Ta biyu, wa zai tsare kuɗin daga hannun wanda aka ba aikin rabawa? Mutanen Ingila sun yi fiye da shekara 400 suna fama da tambayoyin nan. Sun daɗe ƙwarai idonsu yana kan ta farin, suka yi sakaci da ta biyun, har abin ya jawo musu kunya babba.

Kuɗin da za a ambata cikin labarin nan na tsohon lissafi ne, watau kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ingila ta bar wannan lissafi cikin 1971, Nijeriya kuwa cikin 1973.

Zamanin Bulala

A zamanin dā, gidajen masu ibada na Kirista, waɗanda suka rabu da sha'anin duniya, suna cikin masu ciyar da matalautan Ingila. Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henri na Takwas ya rufe gidajen nan, ya ƙwace dukiyarsu. Ga shi kuwa jama'a tana ƙaruwa, abinci yana tsada, masu ƙasa suna mai da gonaki makiyayar tumaki. Sai hanyoyi suka cika da mabarata.

Lalle cikinsu akwai macuta. Wani mai arziki, Thomas Harman, ya rubuta littafi cikin 1566 ya tona dabarunsu. Waɗansu su kan sa sabulu a baki ya yi kumfa, su faɗi ƙasa kamar masu farfaɗiya. Waɗansu su kan ɗaura wani ganye mai dafi a ƙafa har ya zama gyambo. Ya ba da labarin wani da aka kama a Landan ya shafe fuskarsa da jini, aka sami fiye da sule 13 a jikinsa, barar yini ɗaya, alhali lebura a lokacin ba ya samun ko sule guda a yini.

Saboda irin waɗannan, hukuma ta ɗauki kowane matalauci mai sauran ƙarfi a kan macuci. Dokar 1531 ta ce alƙalai su ba musakai da tsofaffi takardar izinin bara a wurin da aka iyakance musu. Lafiyayyen da aka kama yana bara kuwa, a ɗaure shi a bayan amalanke a bi kasuwa da shi ana bulala har ya yi jini. Dokar 1547 ta fi wannan tsanani, gama ta ce a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi a ƙirji, a ba da shi bawa shekara biyu. Ba ta yi shekara uku cikakku ba aka soke ta, don an rasa masu yin aiki da ita. Bulala ba ta rage mabarata ba, domin yawancinsu aikin ne suka nema suka rasa.

Dokar Sarauniya Elizabet

Gab da ƙarshen mulkin Sarauniya Elizabet ta Farko, Majalisar Dokoki ta tattara dokokin baya ta fitar da Dokar Matalauta ta 1601. An rarraba ƙasar Ingila ƙananan yankuna wajen 15,000, kowane da majami'arsa, girman yawancinsu bai wuce ƙasar dagaci ba. Dokar ta ɗora wa kowane yanki nauyin matalautansa. Kowace shekara alƙalai su kan naɗa magidanta biyu zuwa huɗu, su haɗu da dattawan majami'a su zama wakilan matalauta. Su za su yanka wa masu gida da gona haraji, su tara, su ciyar da makafi da guragu da tsofaffi, su sa marayu koyon sana'a, su sayi ulu da sauran kayan aiki su ba lafiyayyu. Dokar ta kuma wajabta wa iyaye da kakanni da 'ya'ya su riƙe juna in suna da hali. Ƙarshen shekara wakilan su kai lissafinsu gaban alƙalai biyu.

Tsarin yana da amfaninsa, don a ƙauye kowa ya san kowa, mai ƙaryar ciwo ba ya daɗewa asirinsa bai tonu ba. Amma yana da lahani. Tun da kowane yanki daga aljihunsa ya ke biya, sai kowa ya shiga ƙoƙarin tura matalaucinsa ga maƙwabci. Dokar 1662 ta ba da ikon a kori baƙo cikin kwana 40 da zuwansa, a mai da shi yankinsa na asali, in ana zaton wata rana zai nemi taimako, sai fa in ya kama hayar wurin da ya kai fam 10 a shekara. Da wannan aka riƙa fitar da mace mai tsohon ciki a tsallakar da ita iyaka, don kada ta haihu ɗan ya zama nauyin yankin. Yankuna suka riƙa kai juna ƙara a kan tsoho guda, su kashe wa lauyoyi abin da zai ciyar da shi shekaru.

Littafi da Lamba

Su wakilan fa ba a biyansu albashi, ba su kuwa daɗe bisa aikin balle su gwanance. Waɗansunsu masu kanti ne, su kan ba matalauci taimako da sharaɗin ya kashe shi a kantinsu. Waɗansu masu gidajen haya ne, su kan biya wa matalauci haya daga harajin, kuɗin ya komo aljihunsu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cikin 1691 Majalisa da kanta ta rubuta cikin doka cewa wakilai suna ba wanda suka ga dama saboda bukatun kansu. Ta umarta kowane yanki ya ajiye littafi, a rubuta sunan duk mai karɓar taimako, da ranar da ya fara, da dalilin. Kowace shekara lokacin idin Ista masu biyan haraji su taru, a karanta sunayen, a sake sabon jeri. Wanda ba ya cikin jerin ba a ba shi kome sai da izinin alƙali.

Wannan dabara ce mai kyau, gama ta tsare mai karɓa da mai bayarwa gaba ɗaya. Amma bayan shekara shida, cikin 1697, aka ƙaro wata wadda ta faɗa kan matalauci kaɗai. Aka ce duk mai cin taimako, da matarsa da 'ya'yansa, su ɗinka lamba ta jan ƙyalle ko shuɗi a kafaɗar dama, da harafin P, farkon kalmar matalauci a bakinsu, da harafin farko na sunan yankinsu. Wanda ya ƙi, a yanke masa taimako, ko a kai shi gidan horo har kwana 21 a yi masa bulala. Wakilin da ya ba marar lamba, tararsa sule 20. Nufin dai kada mutum ya ci a yanki biyu, kuma kunya ta hana wanda bai matsu ba zuwa. Sai dai kunya mai mutunci ta ke kamawa. Macuci na ainihi, wanda ya iya faɗuwa tsakiyar kasuwa da sabulu a baki, ƙyalle a kafaɗa bai dame shi ba. Yankuna da yawa suka daina aiki da dokar tun kafin a soke ta cikin 1810.

Gidan Aiki

Ƙarshen ƙarni na 18 Ingila ta shiga dogon yaƙi da Faransa, damuna ta yi ta ɓaci, alkama ta yi tsada. Ran 6 ga Mayu 1795 alƙalan lardin Berkshire suka taru a Speenhamland, suka yanke cewa a riƙa cika wa lebura ladansa daga harajin matalauta bisa ga kuɗin burodi. In babban burodi mai nauyin kusan laba tara yana sule ɗaya, namiji ya sami sule uku a mako, matarsa da kowane ɗa sule ɗaya da sisi. In burodi ya hau, taimako ya hau. Wurare da yawa a kudancin ƙasar suka bi irin wannan tsari. Kuɗin da a ke kashewa kan matalauta, wanda ya ke wajen fam miliyan 2 a shekara kafin 1790, ya kai kusan fam miliyan 8 cikin 1818.

Masu biyan haraji suka yi ta kuka. Cikin 1830 kuma leburorin gona suka yi bore, suka ƙone tarin hatsi, suka farfasa injunan sussuka. Sai Gwamnati ta naɗa hukumar bincike cikin 1832, manyan masu rubuta rahotonta su ne Nassau Senior da Edwin Chadwick. Rahoton ya ce taimako ya lalata talakawa, ya koya musu lalaci da ƙarya, ya kuma ba manoma damar rage lada. Masana tarihi na baya, musamman Mark Blaug cikin 1963, sun sake duba al'amarin, suka nuna rahoton ya yi ƙari ƙwarai: tsarin burodin ya riga ya mutu a yawancin wurare kafin 1832, kuma ƙarancin lada da rashin aiki lokacin sanyi su ne tushen wahalar.

Duk da haka bisa rahoton nan aka kafa sabuwar doka cikin 1834. Aka haɗa yankuna suka zama gundumomi wajen 600, kowace da majalisar da masu biyan haraji suka zaɓa, da ma'aikata masu albashi. Aka naɗa kwamishina uku a Landan su shugabanci duka. Kowace gunduma ta gina gidan aiki. Dabarar ita ce wannan: ba sai an wahala da binciken kowa ba. Duk lafiyayyen da ya zo neman taimako, a ce masa ya shiga gidan aiki, a kuma sa zaman gidan ya fi zaman leburan da ya fi kowa talauci ɗaci. Wanda ya yarda ya shiga, lalle ya matsu. Wanda ya ƙi, ashe dā ma ba ya bukata.

Da mutum ya shiga, sai a karɓe tufafinsa a ba shi na gidan. A raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, gama an kasa mazauna gidan kashi bakwai, kowane da sashensa. Abinci da awo. Aiki kuwa fasa dutse, ko warware tsohuwar igiyar jirgin ruwa, ko dakan ƙashi. Kuɗin da a ke kashewa ya sauko daga sama da fam miliyan 6 cikin 1834 zuwa wajen miliyan 4 cikin 1837, masu dokar suka ce sun ci nasara. Amma da aka duba waɗanda suka cika gidajen, sai aka ga yawancinsu tsofaffi ne da marayu da marasa lafiya, watau mutanen da ba wanda ya taɓa tuhumarsu da ƙarya. Tarkon da aka ɗana wa macuci su ya kama. Gundumomi da yawa kuma suka ga ya fi araha a ba mutum 'yan sulalla a gidansa, saboda haka mafi yawan matalauta a waje suka ci gaba da karɓa.

Abin da Ya Faru a Andover

A garin Andover, cikin lardin Hampshire, an ba wani tsohon soja riƙon gidan aiki, sunansa Colin McDougal, wanda ya yi yaƙin Waterloo. Majalisar gundumar ta ji daɗinsa don yana kashe kuɗi kaɗan, ba ta kuwa damu da leƙa gidan yadda doka ta ce ba. Aikin mazan gidan dakan ƙasusuwan dabbobi ne, a yi takin gona da su.

Cikin 1845 wani ɗan majalisar gundumar, manomi, Hugh Mundy, ya tabbatar da jita-jitar da ke yawo, cewa yunwa ta kai mutanen gidan suna gwaguyar ruɓaɓɓen naman da ya saura jikin ƙasusuwan, suna tsotson ɓargo, har su yi faɗa a kan ƙashi. Abokan majalisarsa ba su kula shi ba. Sai maganar ta kai ga Thomas Wakley, ya tashe ta a Majalisar Dokoki cikin Agusta. Da aka yi bincike, shaidu suka faɗi cewa McDougal yana rage awon abincin da doka ta yanka, yana buguwa da giya, yana kuma neman matan da ke ƙarƙashin riƙonsa. An ba kura ajiyar nama ke nan.

McDougal ya ajiye aiki, aka hana dakan ƙashi a gidajen aiki duka. Kwamishinonin Landan suka nemi ɗora laifin a kan ma'aikacin da suka aika binciken, suka tilasta masa barin aiki. Amma kwamitin Majalisa na 1846 ya ga laifinsu su ma. Cikin 1847 aka rushe hukumar tasu, aka kafa wata wadda shugabanta zai iya zama cikin Majalisa ya amsa tambaya. Tun 1844 an riga an fara naɗa masu binciken lissafi waɗanda kowanensu ke duba littattafan gundumomi da yawa, da ikon su sa ma'aikaci ya biya daga aljihunsa duk abin da ya kashe ba bisa doka ba. Sannu a hankali aka ƙarfafa su, har naɗinsu ya koma hannun Gwamnati.

Fanshon Tsofaffi

Ƙarshen ƙarni na 19 waɗansu mutum biyu suka auna talauci da ƙidaya. Charles Booth ya bincika Landan, ya sami wajen kashi 30 cikin 100 na mutanenta matalauta ne. Seebohm Rowntree ya bi birnin York gida gida cikin 1899, ya sami kusan kashi 28. Binciken ya nuna yawancin talauci daga ƙarancin lada ne, da yawan iyali, da ciwo, da tsufa, da mutuwar mai gida. Ya kuma bayyana cewa tsofaffi da yawa da suka yi aiki dukan rayuwarsu sun gwammace yunwa da shiga gidan aiki. Jamus ta riga ta kafa fanshon tsofaffi cikin 1889, Denmak cikin 1891, New Zealand cikin 1898.

Cikin 1908 Gwamnatin Asquith ta kawo Dokar Fanshon Tsofaffi, Lloyd George, Ministan Kuɗi, ya tsaya mata har ta wuce. Duk wanda ya cika shekara 70, namiji ko mace, in abin da ya ke samu a shekara bai wuce fam 21 ba, yana da sule biyar kowane mako. In ya wuce haka a rage masa kaɗan kaɗan, har in ya haura fam 31 da sule 10 ba shi da kome. Kuɗin daga baitulmalin ƙasa ya ke fitowa, ba ruwansa da majalisar gunduma.

Abin lura shi ne yadda aka rarraba aikin. Tsoho ya karɓi takarda a gidan waya ya cika. Ma'aikacin fansho, wanda aka ɗauko daga ma'aikatar haraji, ya je gidansa ya bincika shekarunsa da abin hannunsa, ya rubuta rahoto. Kwamitin gari ya duba ya yanke. In tsohon ko ma'aikacin bai yarda ba, yana da ikon ɗaukaka ƙara. In an amince, a ba tsohon littafi mai takardun biya, ya riƙa kai shi gidan wayar da aka rubuta masa kowace Jumma'a. Mai bincike dabam, mai yankewa dabam, mai biya dabam, ba wanda kuɗi da hukunci suka haɗu a hannunsa. Wanda ya yi ƙarya don ya samu, ɗaurinsa ya kan kai wata shida. Mai bin bashi kuwa ba shi da ikon riƙe fanshon. Ran 1 ga Janairu 1909 aka fara biya, tsofaffi suka je wurin da kowa ke sayen kan sarki, suka karɓi hakkinsu ba lamba a kafaɗa.

Dokar ba ta rabu da tsohon zato sarai ba. Ta hana wanda aka ɗaure cikin shekara goma da suka wuce, da wanda aka ce ya saba ƙin aiki, da mai cin taimakon gunduma. Amma aka ga ba mai iya auna halin mutum na shekara 50 da suka shige. Sharaɗin taimakon gunduma ya faɗi farkon 1911, na ƙin aiki cikin 1919, shekarar da aka mai da fanshon sule goma.

Daren Babbar Guguwa

Wahalar da ta fi girma daga tsibirin Ailan ta fito, wanda a lokacin duk yana ƙarƙashin Majalisar Landan. A Ingila an fara rajistar haihuwa cikin 1837, ga kuma littattafan majami'u na dā. A Ailan kuwa sai 1864 aka fara, littattafan majami'un ƙauye da yawa ba su kai baya sosai ba. To, yaya tsohuwa wadda ba ta karatu za ta tabbatar ta cika 70?

Sai aka koma ga abin da kowa ke tunawa, kamar yadda tsofaffin ƙasar Hausa kan ƙidaya shekarunsu da wata yunwa ko da zuwan Turawa. Daren 6 ga Janairu 1839 an yi wata guguwa a Ailan wadda ta kwashe rufin gidaje, ta tumɓuke itatuwa, ta kashe mutane da yawa. Daga ranar zuwa farkon biyan fansho shekara 70 daidai. Saboda haka a kan tambayi mai nema ko ya tuna daren babbar guguwa. Ba a daɗe ba kowa ya gane amsar da a ke so, masu tunawa da guguwa suka yi yawa.

Ƙarshen Maris 1909 masu cin fansho a ƙasashen Birtaniya duka sun kai wajen 647,000, cikinsu fiye da 180,000 a Ailan su ke. Watau tsibirin da ke da wajen kashi ɗaya cikin goma na jama'a ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fanshon. Ma'aikatar Kuɗi ta ce lalle akwai cuta, akwai ta kuwa. Amma ba duka ba ne cuta. Babbar yunwar da ta fara cikin 1845, da ƙaurar samari zuwa Amurka, sun rage jama'ar Ailan daga sama da miliyan 8 cikin 1841 zuwa ƙasa da miliyan huɗu da rabi cikin 1911. Ƙasar ta cika da tsofaffi, kuma sun fi na Ingila talauci.

A nan hukuma ta yi abin da magabatanta ba su yi ba. Ba ta tsananta wa tsofaffi duka ba, ba ta ƙirƙiro wata wahala don ta kore su ba. Sai ta ɗauko takardun ƙidayar jama'a na 1841 da 1851 da ke ajiye a Dublin. Mai nema ya faɗi sunan uwa da uba da ƙauyen da suka zauna, akawu ya buɗe littafi ya ga ko yana ciki, da shekarunsa a lokacin. Da haka aka soke sunan dubban waɗanda ba su kai ba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Da haka kuma waɗansu da ba su da wata shaida suka sami hakkinsu. Cikin 1922, lokacin yaƙin basasa, gobara ta cinye ma'ajiyar takardun Dublin, littattafan ƙidayar nan suka ƙone sai 'yan kaɗan. Takardun da akawuna suka kwafa saboda fansho suka zama cikin abin da ya tsira daga ƙidayar.

Ƙarshen Tsohuwar Doka

Cikin 1911 aka kafa asusun ma'aikata saboda ciwo. Kowane mako ma'aikaci namiji ya ba da kwabo huɗu, mai ba shi aiki taro, Gwamnati kwabo biyu, a manna kan sarki a katinsa. Katin shi ne shaidarsa ran da ya kwanta. Aka kuma fara irinsa saboda rashin aiki.

Amma tsohon hali ya kan komo lokacin tsanani. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aiki ya yi wuya, aka sa sharaɗi cewa sai mutum ya tabbatar yana neman aiki da gaske. Tsakanin 1921 da 1930 an ƙi roƙo kusan miliyan 3 da wannan hujja, alhali an san a garuruwa da yawa aikin ne babu. Mutane suka riƙa yawo daga wannan ma'aikata zuwa waccan don kawai su sami abin faɗa wa mai tambaya. Cikin 1931 aka kawo binciken gida, ma'aikaci ya shiga ya lissafta ladan ɗa da na 'ya, da ɗan abin da aka ajiye, a rage taimakon uba gwargwadon haka. Samari da yawa suka bar gidan iyayensu don kada a yanke wa iyayen abinci. Sai cikin 1941 aka kawar da wannan.

Cikin 1930 aka rushe majalisun gundumomin matalauta. Cikin 1942 William Beveridge ya fitar da rahotonsa, ya ce kowa ya zuba cikin asusu ɗaya, kowa kuma ya ci daga ciki bisa ƙa'ida rubutacciya ran ciwo ko rashin aiki ko tsufa. Ran 5 ga Yuli 1948 sabon tsarin ya fara aiki, kowane ma'aikaci da lambarsa a rajista, doka kuma ta bayyana cewa Dokar Matalauta ta ƙare, shekara 347 bayan ta Elizabet.

Cuta ba ta ƙare ran nan ba, gama muddin akwai rabo akwai mai son ya ci ba hakki. Amma labarin ya nuna abin da ya yi amfani da abin da bai yi ba. Bulala da lalas da lamba da gidan aiki duk a kan zato ɗaya aka gina su, cewa wahala za ta tace mai gaskiya daga maƙaryaci. Abin da suka yi shi ne korar mai kunya, da ba mai riƙon maɓuɗi iko a kan mutanen da ba mai jin kukansu. Abin da ya kama macuci bai taɓa mai gaskiya ba ƙanƙane ne a ido: littafin da a ke karantawa gaban jama'a, da rajistar haihuwa, da raba mai bincike da mai biya, da mai duba lissafi wanda ba ya ƙarƙashin wanda ya ke dubawa, da ƙofar ɗaukaka ƙara. Duk waɗannan aikin alƙalami ne, sai da jama'a masu karatu su ke tsayawa. Talakan da ya iya karanta sunansa cikin jeri, ya ga adadin da aka rubuta masa, ya fi ƙarfin a rage masa awo. Allah Ya ba masu riƙon dukiyar jama'a ikon tsare amana, amin.